Ranar da Motata Ta Durƙusa a Ƙofar Gidan Yayanta

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, na sa hannu a takardar cinikin wata motar Jamus ta hannu, baƙa wuluk, mai shekara goma sha uku da ƙerawa. Na mallake ta kwana ɗari da arba'in da uku. A cikinsu ta yi tafiya da ƙafafunta kwana hamsin da ɗaya, ta yi jinya a gareji kwana saba'in da uku. Sauran kwana sha taran su ne maganar yau. Ina roƙon masu karatu su yi dariyarsu a hankali, domin mai labarin ya ba shekara sittin da takwas baya, kuma yana karanta duk abin da kuke rubutawa a ƙasa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa wannan shafi: ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekara talatin da shida ina koyarwa kafin na yi ritaya. Matata ta rasu shekara biyar da suka wuce. 'Ya'yana uku, duk mata. Biyu suna gidajen mazajensu, ta ukun, wadda muke kira Auta, ita ce ke tare da ni, ita ce kuma ta buɗe mini shafin nan, wai tun da ban iya yin shiru ba gara in je in damu baƙi. Auta ta sami aiki a wani gari mai nisa, za ta tafi ƙarshen shekara. Tun da takardar ɗaukar aikin ta zo, su ukun suka sa ni gaba da maganar aure. Babbarsu ta ce ba za su bar mutumin da ke dafa shayi ya manta da shi a wuta har tukunya ta ƙone shi kaɗai a gida ba. Sau biyu kacal hakan ta faru, amma a bakinsu ta zama ɗabi'a.

Wadda nake nema tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. Shekarunta hamsin da tara, mijinta ya rasu. A layin tantance 'yan fansho muka haɗu, ina gyara wa ma'aikaci kwanan watan da ya rubuta ba daidai ba a allon sanarwa, ita kuma ta ce mini daga baya in zauna in bar yaron mutane ya yi aikinsa. Na juyo don in kare kaina, na ga fuskarta, na zauna.

Zuwana uku na farko gidanta a tasi na je. A na ukun direban ya gaji da jira ya tafi, dole ita ta mayar da ni gida a wata 'yar ƙaramar mota fara da ta shekara ashirin a hannunta, wadda ke tashi da murɗa makulli ɗaya. Ina zaune a gefenta, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, maƙwabta suna kallo. A wannan kujerar na yanke shawarar cewa mutum mai shekaruna da karatuna ba zai ci gaba da neman aure a motar wadda yake nema ba. Na taɓa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin garatutina.

Auta ta ce in tafi da bakanike. Na tafi da gilashin ƙara girman rubutu.

A nan ya kamata in yi wa kaina adalci, domin abin da na yi a wurin dillalin motar aikin gwani ne, sai dai ba aikin sayen mota ba ne. A aljihun gaban motar akwai littafin gyaranta, wanda Jamusawa ke buga wa hatimi duk lokacin da aka kai mota gareji. Hatimi goma sha huɗu ne a ciki. Na zauna a kujerar baya, mai laushi kamar gadon otal, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na duba tawada, na gwada rubutun hannu da rubutun hannu, na fito da kalandar shekarun na tabbatar babu kwanan watan da ya faɗo ranar Lahadi, saboda na san garejin ƙasar ba sa aiki ranar, kuma mai ƙirƙirar takardar jabu ba ya tuna irin wannan. Babu ko ɗaya. Littafin na gaske ne, har yau ina kan bakana. Abin da na ƙi tsayawa a kansa shi ne hatimin ƙarshe ya shekara shida da bugawa. Da na tambaya, dillalin ya ce wata tsohuwar likita ce ta ajiye motar a rumfa, ba ta fita da ita sai zuwa kasuwa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gaya wa ɗalibai cewa shekarun da takardu suka yi shiru a kansu su ne abin bincike, na karɓi shekara shida na shiru a kan shaidar mutum ɗaya, wanda kuma shi ne mai cin riba. Ban buɗe gaban motar ba. Ban ma san ta inda ake buɗewa ba.

Kwana takwas na ji daɗin duniya. Ƙofa tana rufuwa da wata ƙara mai nauyi kamar ƙofar banki. Masu gadi suna sara mini. Na kai Sista sayayya sau biyu, ta shafa katakon da ke jikin ƙofa ta ce mota ta yi kyau, ta kuma tambayi man da take sha. Na faɗi rabin gaskiya.

Rana ta tara na tarar da tabon baƙin mai a simintin tsakar gida, faɗinsa kamar faranti.

Bakaniken da aka haɗa ni da shi ana ce masa Injiniya, dattijo ne mai ƙaramar murya, shi kaɗai ke da na'urar da ke karanta kwamfutar irin motocin nan a ɓangarenmu. Ya jona waya ƙarƙashin sitiyari, na'urar ta yi tunani, ta fito da laifi ashirin da uku. Ya karanta mini su kamar mai karanta sakamakon jarrabawa, sannan ya cire tabarau.

"Malam, motar nan ba lalacewa ta yi ba, tsufa ta yi. Sai dai tsufan 'yar masu kuɗi gare ta. Ba ta shan magani sai na ƙasarsu."

Abin da ke yoyon mai wani zoben roba ne da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Amma kafin hannu ya kai gare shi sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, aikin kwana huɗu. Bayan shi famfon ruwa ya fashe, aka yi odarsa, ya yi mako uku a hanya. Bayan shi giya ta fara shura ni a baya duk lokacin da ta canza. Fitilar gaba guda ɗaya ta mutu, na ce a sa ƙwai, Injiniya ya yi murmushin tausayi ya ce irin wannan ba a canza mata ƙwai, gidan fitilar ake saye dungurungum, kuma sai kwamfuta ta yarda da shi. Ban taɓa jin inda ake neman yardar mota kafin a yi mata alheri ba. Zuwa tsakiyar Yuli na kashe abin da ya yi daidai da fanshona na wata bakwai da rabi. Auta ta san na wata biyu. Sista ba ta san komai ba.

Duk lokacin da motar ta kwanta, sai in tura mata saƙo mai sakin layi uku, in bayyana cewa Jamusawa mutane ne masu tsari, motocinsu suna da lokutan dubawa na ƙa'ida da ba a tsallakewa. Amsarta ba ta wuce layi ɗaya. Sau da yawa ma kalmomin ba sa canzawa: "To Malam. Allah ya ba ta lafiya."

Ranar Alhamis, sha uku ga Yuli, saƙonta ya shigo ina karin kumallo: "Yaya yana son ganinka Lahadi ƙarfe huɗu. Ka ɗauke ni uku da rabi. Don Allah kada ka yi masa lacca."

Yayan nan nata shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu tana 'yar shekara tara. Ta gaya mini tun farko cewa ba ta ba kowa amsa sai ya gan shi. Tsohon direban manyan motoci ne, shekara arba'in yana kan hanya. Na karanta saƙon sau biyar, na bar shayin ya huce, na kira Injiniya.

Ranar Asabar ya ba ni makulli ba da son ransa ba. Ya yi mini bayani cewa bayan motar ba a kan sifirin yake zaune ba, a kan wasu jakunkunan iska ne da famfo ke hurawa, kuma duka biyun sun tsattsage. Abin da ke cajin batir ma yana kan hanyarsa ta mutuwa. Ya ce in bar masa ita mako biyu. Na ce gobe kaɗai nake bukatarta, kilomita sha ɗaya zuwa, sha ɗaya dawowa. Ya ce shi dai ya faɗa, kuma Litinin zai yi tafiya.

A hanyar gida fitilu biyu suka kama a allon da ke bayan sitiyari, ɗaya rawaya, ɗaya ja. Na san idon Sista. Saboda haka na buɗe akwatin taimakon gaggawa da ya zo da motar, na yanki filasta guda biyu da almakashin ciki, na liƙe fitilun da kyau, na shafe gefensu da babban yatsa. Na ja da baya na duba aikina, har na ji wani ɗan alfahari.

Lahadi tun ƙarfe ɗaya Auta ta goge mini kwat ɗina mai ruwan toka da farar taguwa, ta zaɓi taye mai ruwan ƙasa, ta ƙwace wanda na ɗauko ta ce ya girme ta. Da na gama shiri ta zagaye ni ta ce, "Baba, neman aure za ka ko kotu?" Ta sa mini turare har sau uku. A but, wato ma'ajiyar kayan da ke bayan motar, muka jera tsarabar Yaya: agogon bango, kwalbar turare, da babban kwandon 'ya'yan itace da aka lulluɓe da leda mai ƙyalli.

Sista ta fito ƙarfe uku da rabi daidai, cikin doguwar riga shuɗiya mai duhu da farin mayafi, tabaraunta rataye da siririyar sarƙa, jakarta a hammata. Na buɗe mata ƙofa. Muna hanya, don in kawar da idonta daga allon, na ba ta labarin cewa doguwar tafiya ta farko da aka yi a mota mace ce ta yi ta, a Jamus, cikin Agustan 1888, ta sayi man a kantin magani, da bututu ya toshe kuma ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Sista ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko matar ta isa inda za ta. Na ce ta isa, ta kuma dawo. Ta ce to madalla.

A kilomita na tara sanyin mota ya ɗauke. A na goma rediyo ya yi shiru, sitiyari ya yi nauyi kamar ana riƙe shi. Na ci gaba da magana, gumi yana bin bayana. Na hango gidan, ƙofar ƙarfe a buɗe, wani dattijo mai faɗin kafaɗa zaune a kujerar roba daga ciki yana jiranmu. Na karya kan motar zan shiga. Ƙafafun gaba sun hau dakalin ƙofa ke nan injin ya mutu. Sai muka ji wani dogon huci daga baya, motar ta fara sauka a hankali, a hankali, har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta yana kallon sama.

Yaya ya taso, ya zagaye ta sau ɗaya hannuwansa a baya.

"Shekara arba'in ina tuƙi," in ji shi, "ban taɓa ganin motar da ta durƙusa ta gaishe ni ba sai yau. Sannu da zuwa, Malam. Ta fi 'ya'yana ladabi."

Maƙwabta huɗu suka zo turawa. Motar ta ƙi motsi, domin giyarta da wuta take fita, wuta kuwa babu. Yaya ya ce a kawo wayar jona batir, ya tambaye ni inda batirin yake. Ban sani ba. Na kira Injiniya, ya ce a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa. But ɗin da wuta yake buɗewa. Ya ce in zaro ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye a cikin babban makullin. Na zare murfin, ramin fanko ne. Wataƙila yana wurin tsohuwar likitar. Batir yana cikin but, but yana jiran batir, agogo da turare da kwandon 'ya'yan itace suna ciki tare da shi. Na tsaya a rana cikin kwat, ina gaya wa yayan matar da nake nema cewa na zo masa da tsaraba, yana iya tambayar 'yata.

Da na waiwaya Sista ba ta fito ba. Ta miƙa hannu ta gefen sitiyari, ta ɓanɓare filastar guda biyu da farcenta, ta liƙa su a bayan hannunta tana dubawa. Na leƙa ta taga.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Jiya da yamma. Ƙarfe biyar da minti ashirin."

"Ba fitilar nake tambaya ba."

Na faɗa mata duka. Zoben roba, famfon ruwa, giya, gidan fitila, wata bakwai da rabi. Da kwanakinsu na faɗa, domin ko a cikin kunya ba na iya ba da labari babu kwanan wata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta fito, ta gyara mayafinta, ta wuce cikin gida.

A falo Yaya ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya yi mini tambayoyi kaɗan kan 'ya'yana da aikina, na amsa a taƙaice kamar yadda aka umarce ni. Dariyar motar ba ta sake shi ba, sai ya yi shiru sai ta sake ɓarke masa. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ma ya taɓa sayen wata babbar mota saboda fentinta. Amma da Sista ta shiga ciki gaida matarsa, fuskarsa ta canza. Ya gaya mini cewa marigayi mijin Sista ya ɓoye mata ciwo shekara biyu, yana shan magani a ofis, yana ajiye takardun asibiti a gidan abokinsa, sai ranar da ya faɗi a banɗaki ta sani. Ta yi jinyarsa shekara huɗu. Abin da ya fi cin ta, in ji shi, ba jinyar ba ce. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya ba ta gane ba. Ya ce shi ba shi da ta cewa a kaina, mutumin kirki ne ni a ganinsa, sai dai wauta. Ita za ta zauna da ni.

Ta dawo ta zauna nesa da ni, jakarta a cinya.

"Malam, saura wace fitilar ka liƙe?"

Na ce ban gane ba. Masu karatu, na gane.

"Ƙwayoyin da ke aljihun kwat ɗinka na ciki. Ka ce mini na ciwon kai ne. Ciwon kai ba ya kumbura ƙafa, kuma ba ya sa mutum ya tsaya hutawa a matakala ta shida."

Ta ƙirga matakalar gidanta da ni, ashe. Na fito da kwalin na ajiye a tebur. Na ce zuciya ce, shekara uku ke nan, tun watan Mayu. Na ce likita ya ba ni ranar komawa sau biyu ban je ba, ta farko motar tana gareji, ta biyu kuɗin gwajin ya tafi a gidan fitila. Na ce na ji tsoro ne kada ta ga ta gama jinyar wani ga wani ya kawo kansa. Ta ɗauki kwalin, ta sa tabarau, ta karanta gaba da baya, ta mayar mini.

"Ni ciwo ba ya ba ni tsoro, Malam. Aikina ne shekara talatin da biyar."

Yaya ya fito da tsohuwar a-kori-kurarsa ta ɗan wurin da motata ta rage, madubi na gogar gini, ya kai mu gida mu uku a kujerar gaba, Sista a tsakiya tana kallon hanya. Ita aka fara saukewa. Ta yi wa yayanta sai da safe, ni ta ce in gaida Auta.

A gida na zaunar da Auta na gaya mata adadin na gaskiya da maganar likitan. Ta yi kuka, sannan ta kira yayyenta, suka haɗa ni a waya su uku na kusan awa guda. Ban taɓa sanin na haifi masu iya lacca haka ba.

Kwana shida Sista ba ta ce uffan ba. Na tura saƙo huɗu, mafi gajartarsu sakin layi biyu. Duk ta buɗe su, na ga alamar. Na koma ina ajiye wayar a kan littafin da nake karantawa, ina ɗaga ta duk bayan shafi.

Motar dai ta zauna a ƙofar Yaya har Injiniya ya dawo, aka kuma sami mai saye. Ranar Juma'a, huɗu ga Agusta, wani mai sayar da kayan gyara ya ɗauke ta a bayan babbar mota, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da na kashe a gyaranta kaɗai ba. Da aka ɓalle but ɗin, agogon yana aiki. Halin da kwandon yake ciki ba zan rubuta shi a shafin da mata da yara ke karantawa ba.

Amma kafin wannan, ranar Asabar, ashirin da biyu ga Yuli, saƙon Sista ya shigo: "Litinin ƙarfe takwas. Ka fito da katin asibiti da duk kwalayen maganinka. Ni zan ɗauke ka."

Ta zo takwas saura biyar a 'yar farar motarta. Na shiga na naɗe ƙafafuna. A asibiti aka yi gwaji uku, likita ya canza mini magani biyu, ya yi mini faɗan da Sista ta saurara tana gyaɗa kai. Da za mu fita ma'aikaciya ta ba ni sabon fom, wai tsohon ya cika. A gurbin wanda za a kira idan wani abu ya same ni na rubuta lambar Auta. Sista ta leƙo, ta ce yarinyar da za ta bar gari ƙarshen shekara. Ta karɓi biron daga hannuna, ta rubuta lambarta a ƙarƙashin ta Auta, ta bar gurbin dangantaka babu komai, ta miƙa wa ma'aikaciyar fom ɗin.